Abin da Inna Ta Gani a Jinin Jikarta

Shekarar da 'yata ta cika huɗu, Inna ta baro ƙauyenmu ta dawo wurina a birni, unguwar Bobiel, saboda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa rijiya. Ni ina koyarwa a lakwal, mijina kuma direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu bai kwana gida ba. Inna ce ke wuni da yarinyar. Ita ke yi mata kitso, ita ke dama mata koko, ita kuma ke hana ni tsawata mata.

Da damina ta kankama, masu binciken zazzaɓin cizon sauro suka shigo unguwarmu. Suna so su bi lafiyar ƙananan yara har ƙarshen ruwa, su ga ko maganin da ake bayarwa yana nan da ƙarfinsa. Wadda ta shigo gidanmu wata likita ce siririya, Bazabarma, mai Hausar kasuwa. Namiji da mace duk "ya" take ce musu. Ta zauna a tabarma, ta karanta mini takardar tun daga sama har ƙasa, ta ce in ban yarda ba babu komai, kuma ko na yarda ina iya janyewa ranar da na so. Na sa hannu.

Inna tana gefe tana kallo aka soki yatsan yarinyar, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan gilashi.

"Ina za ku kai shi?" ta tambaya.

"Wurin aikinmu, Inna. Za mu duba shi."

"Ku duba me? Jini ai jini ne. Ni ban taɓa ganin an kwashi jinin yaro mai lafiya an tafi da shi ba."

Daga ranar, duk lokacin da motarsu ta tsaya a ƙofar gida, sai Inna ta goya yarinyar duk da ciwon gwiwarta, ta juya baya. Likitar ba ta taɓa nuna fushi ba. Takan durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gwiwa, sannan ta jira har Inna ta gaji ta kwance goyon.

A tsakiyar watan Agusta yarinyar ta tashi da jiki zafi rau, ta amayar da kokon da ta sha. Na kira lambar da likitar ta ba ni, ta ce mu zo yanzu. Muka ɗauki taksi mu uku. Aka ɗauki jini, aka ce zazzaɓin ne, aka ba ta magani nan take. Muna zaune a benci yarinyar ta yi barci a cinyata, sai likitar ta fito ta tsaya gaban Inna.

"Kun tambaye ni me muke dubawa. Ku zo ku gani da idonku."

Na ɗauka Inna za ta ƙi. Sai ta gyara mayafi ta miƙe. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na bi su.

Ɗakin sanyi ne, yana warin magani. Wani dattijo mai farar riga ya tashi daga kujerarsa, ya nuna wa Inna madubin da ke ƙara girman abu, ya ce ta sa idanunta a kan bututun nan biyu. Da farko ta ce ba ta ganin komai sai gashin idonta. Ya murɗa wani abu a gefe a hankali.

"Tsaya," in ji Inna. "Ga wasu abubuwa kamar waina a tanda."

"Jinin jikarku ke nan," in ji shi. "Ku duba cikin wainar. Akwai wadda ke da ɗan zobe mai ɗigo a kai?"

Ta ƙara matsa idanunta. "Ga ɗaya. Ga wata ma."

"To shi ne ciwon. Sauro ke kawo shi. Shi ke cin jinin, shi ke kawo zafin jiki."

Inna ba ta ɗago ba. Da ta yi magana, muryarta ta sauya.

"Wannan ɗan abin, yana sa yaro ya riƙa fizge-fizge, idonsa ya kafe, ya daina gane uwarsa?"

"Yana sawa," in ji likitar, "in ya hau kai."

"Yaro ya yi wasa da safe, kafin kwana biyu a rufe shi?"

"Yana faruwa, Inna."

Na san wanda take nufi. Yayana ne, ɗanta na fari, wanda ya rasu yana shekara uku, tun ba a haife ni ba. Inna ta ce, to shi ne ya kashe mata ɗa ke nan? Likitar ta riƙe hannunta ta ce ba za ta iya rantsewa ba, tun da ba ta ga jininsa ba, amma da damina ne, kuma alamun da ta faɗa sun yi kama ƙwarai.

Muka koma gida a taksi. Sai bayan kwana uku, da yarinyar ta warware har tana bin kaji a tsakar gida, ta kira ni ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Tana da ƙawa a ƙauye, katanga ɗaya ce tsakaninsu, tare suke daka, tare suke zuwa itace. Da safen ranar da ciwon ya kama yayana, ƙawar ce ta ɗauke shi ta ba shi fura. Da ya rasu, tsofaffi suka fara raɗa cewa matar mayya ce. Inna, cikin zafin rashi, ta faɗe shi da ƙarfi a bakin rijiya, gaban kowa. Daga nan aka daina sayen ƙosanta, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta wuce. Kafin shekara ta zagayo ita da mijinta suka bar garin.

"Tana nan unguwar Yantala wurin 'yarta," in ji Inna. "Na daɗe da sani. Ki kai ni."

Muka tafi ranar Lahadi da hantsi. Sai da muka yi tambaya sau uku kafin a nuna mana gidan, can kusa da lambunan bakin kogi. Muka same ta zaune a inuwar bango, tsohuwa ƙarama, idanunta sun yi fari, tana tsige ganyen zogale a faranti. Inna ta yi sallama. Matar ta tsayar da hannunta.

"Wannan murya na san ta," in ji ta.

Inna ta durƙusa a ƙasa, a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ko a salla. Ta ba ta labarin madubin, da zoben, da abin da likita ta ce, duk a hargitse. Ta ce, "Na ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

Matar ta daɗe tana murza ganye ɗaya a yatsunta.

"Ba sai madubi ya faɗa mini ba, ni na san ban yi ba," in ji ta. "Abin da ya fi yi mini ciwo ba ƙosai ba ne, ba barin gari ba ne. Yaron nan a bayana ya yi wayo. Da ya rasu, a ɗaki na yi kukansa ni kaɗai, don ba a bar ni na shigo gaisuwa ba."

Inna tana kuka ba sauti. Matar ta laluba ta kamo kafaɗarta.

"Tashi daga ƙasa, ki zauna nan kusa da ni. Na yafe miki tun da daɗewa, don da zan tafi hajji ban iya ɗaukar ƙullin zuwa Makka ba. Amma gaisuwata tana nan, ban yi ba." Ta gyara zama, ta juyo da fuskarta wajen Inna. "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa. Allah Ya sa mai ceto ne."

"Amin," in ji Inna. "Haƙuri sai ma'abocinsa. Amin."

'Yar matar ta fito da ruwa a kwano, ta tsaya tana kallonmu, ba ta san ko mu su wa ne ba. Uwarta ta ce mata, "Baƙi ne daga gida. Ƙara shinkafa."

Na bar su nan na koma Bobiel, don na bar yarinyar wurin maƙwabta. Da na dawo ɗaukar Inna bayan la'asar, na tarar sun gama zogalen, suna lissafa matan ƙauye ɗaya bayan ɗaya, wa ke raye, wa ya riga mu. Inna ta ce in je in dawo jibi, ba su kai rabin gari ba tukuna.