Damin Maunde

Alƙasim manomi ne a wani ƙauye kusa da Karofane. Abin da ya gada wurin ubansa bai wuce fako da duwatsu ba. Duwatsun ya jera su layi-layi don su tare ruwan sama. Fakon kuwa shanun Maunde ne suka mai da shi gona.

Maunde Bafillace ne. Kowace kaka, in mai gari ya saki gonaki, Maunde yakan sauka a gonar Alƙasim, shanu su ci kara su bar taki. Alƙasim kuma ya ɗauki damin hatsi a ka ya kai masa. Damin nan shi ne gayyata: wanda ya karɓa ya yi alkawarin dawowa baɗi. Gaisuwarsu ta tsokanar Bahaushe da Bafillace ba ta canzawa.

"Kaɗo, har yanzu duwatsu kake nomawa?"

"Su nike nomawa, Agwai. Kai hwa, ka koyi kwana wuri ɗaya?"

Bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, mutanen gari suka lura burtali, hanyar shanu, ya fi gonakinsu ƙarfi, suka raba shi suka shuka. Alƙasim ma ya karɓi rabonsa. Shanu dai ba wanda ya sanar da su, suka biyo hanyarsu ta da. Aka fito da baka da takubba, aka binne mutane ta kowane ɓangare, har da ƙanen Maunde. Daga nan samarin gari suka tsare rijiya da kwari a kafaɗa.

Alƙasim ya san in shanu ba su dawo ba, gonarsa za ta koma yadda ya gaje ta. Ya janye daga rabonsa na burtali. Ya bi gida-gida yana roƙon a buɗe hanya, ko'ina aka ba shi ruwa aka ce ya yi gaskiya. Da ya ga gaskiyar ba ta motsa kowa ba, sai ya tafi bakin rijiya ba ko sanda, ya shiga jan guga yana cika kwami don shanun duk wanda ya zo.

Mutari, ɗan wansa, shi ne babban masu tsaro. Ya ce, "Baba, tashi nan, kada kibiya ta yi kuskure."

"Kibiyakka ce, ɗana. Kai ka san inda kake aiken ta."

Suka ƙyale shi. Saniya ko ɗaya ba ta zo ba. Jakunan gari ne suka amfana da wannan sulhu. Wani babba daga Buza ya zo ya yaba masa da Faransanci, aka tafa. Da damina ta faɗi, maƙwabcinsa Sha'ibu ya shuka rabon da ya bari.

Da kaka Alƙasim ya ɗauki dami ya bi sawun Maunde har wajen Madawa. Maunde ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo nono.

"Sannu da hanya, Malam Alƙasim."

Alƙasim ya jira a ce masa Kaɗo, ba a ce ba.

"Mai da hatsinka," in ji Maunde. "In na karɓa sai na zo. In na zo, ɗiyana da takobi za su zo. Ba zan iya hana su ba, kai ma ba ka iya hana naka ba."

Ya dawo da damin a ka, yadda ya tafi da shi.

Duwatsun suna nan a jere, suna tare ruwa kan ƙasar da ba ta da abin ba hatsi. Ɗiyan Alƙasim sun tafi Abijan cin rani, kuma ranin bai ƙare ba. Duk da haka kowace kaka yakan ware dami ɗaya ya ce na Maunde ne, kada a taɓa. Matarsa Yalwa ba ta musu. Takan jira rumbu ya ƙare, sannan ta sussuke shi. Da can sai bazara take kaiwa gare shi. Yanzu tun sanyi bai fita ba.