Kyandir a Bakin Randa

Makwala ta shiga gidan su Tengiz tana da shekara ashirin da ɗaya, siririya kamar sillen kara. Ranar da ta kwana bakwai, surukinta Arcil ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce wa ɗansa Tengiz, mijinta, "Wannan za ta shiga randa." Ba yabo ba ne, ba kuma raini ba. Randunan giyar gidan shida ne, a binne har wuya cikin daɓen ɗakin giya. Babbar ta fi tsayin mutum zurfi, amma bakinta matsattse ne, mazan gidan kuwa duk masu faɗin kafaɗa. Kafin zuwan Makwala, sai an ɗauko mai wankin randa daga wani ƙauye a gindin tsaunuka.

Tsohon da kansa ya koya mata aikin. Ya ba ta ɓawon itace da aka ɗaure a sanda don goge cikin randa, ya ba ta igiyar ɗaura wa ƙugu. Sannan ya liƙa guntun kyandir a murfin gwangwani, ya kunna, ya zura shi da zare a hankali har ya kai gindi.

"Duba da kyau, 'yata," in ji shi. "Inabi in yana tafasa zai zama giya, numfashi yake yi. Numfashinsa ba launi, ba wari, kuma nauyi gare shi. Bin ƙasa yake yi kamar ruwa, ya nemi rami ya kwanta. Kyandir shi ne ɗan aikenki. In ya dawo da wutarsa, ki shiga. In ya mutu, ya mutu a madadinki."

Ya ba ta labarin wa da ƙane a ƙauyen kakanninsa. Wan ya shiga randa ya yi shiru, ƙanen ya dira ya ɗauko shi, shi ma ya yi shiru. Rana ɗaya aka binne su.

Shekara arba'in da uku Makwala ta yi tana sauka cikin wannan duhu kowace kaka, Tengiz na tsugune a baki riƙe da igiya, yana yi mata waƙa da muryarsa mai kama da ta jaki don ta riƙa amsawa ya san tana nan. Ba ta taɓa sabawa ba. Duk sanda kanta ya wuce bakin randa, sai tsoron ranar farko ya dawo mata.

Gonar inabin ma ba ta bar ta ta huta da tsoro ba. Ba su fesa maganin kanti, ba su zuba takin buhu. Kashin saniyarsu suke bai wa kuringar inabin, da farar wuta da shuɗin dutse kaɗan don cutar ganye in damina ta yi nauyi, ciyawa kuma da fartanya suke nome ta. Haka Arcil ya bar musu, haka suka riƙe, ko da maƙwabta na cika motoci su suna cika amalanke. Gonar da ba ta da garkuwa kuwa, mai ita ce garkuwarta. In sabon toho ya fito, Makwala na tsoron sanyin asuba ya ƙone shi. In ganye ya yi duhu, tana bi tana juya bayansa ɗaya-ɗaya tana neman farin tabo. In 'ya'yan suka fara baƙi, sai ta koma kallon sama, don ƙanƙarar kwarinsu na Alazani ba ta buƙatar fiye da lokacin shan shayi ta mai da aikin shekara ya zama taɓo.

Tengiz na yi mata dariya. "Ke tsohuwa, in babu abin tsoro, aro kike zuwa yi a maƙwabta."

"Da ba na jin tsoron, da tuni ka sha ruwan rijiya a bikin 'yarka," takan ce.

A shekarar da nake ba da labari, Tengiz ya yi jinyar ciki tun sanyi har bazara. Ya tashi, amma rabinsa ne ya tashi. Rigunansa suka zama kamar an rataye su a ƙusa. Ranar da suka wanke ƙananan randuna, ya zura kafaɗunsa a bakin babbar, ya ga sun wuce.

"Kin gani? An sallame ki daga aiki. Ni ma yanzu amarya ce."

"Amarya mai gemu. Matsa ka ba ni wuri."

'Yarsu Lamara ta zo daga birni don girbi, ta kawo wa uban tsaraba: fitila mai batir da ake ɗaura wa a goshi. Tengiz ya ɗauka da murna irin ta yaro. Da ita yake duba haƙoran saniya, da ita yake neman tabaransa da rana tsaka. Ya haska cikin randa, ya ga kowane tsagi na yumɓu fes.

"Shekara arba'in muna makanta da kyandir," ya ce. Makwala ta ji maganar, ba ta so ta ba, amma hannunta na cikin ƙullun burodi, sai ta bar ta ta wuce.

Suka tsinke farin inabi, suka matse, suka cika randuna biyar. Kwana huɗu ɗakin na ta ɓararraka kamar tukunyar da aka manta a wuta. Babbar randa kaɗai ta rage, ita ce ta baƙin inabi, wanda Makwala ta ce a bar shi ya ƙara mako guda a rana. Za ta wanke ta ranar Asabar.

Ranar Laraba da hantsi sama ta sauya. Gajimare ya taso daga bayan tsaunuka, cikinsa fari-fari mai ratsin kore, irin wanda duk ɗan kwarin ya san abin da yake ɗauke da shi. Tsuntsaye suka yi tsit. Maƙwabcinsu Zaur ya tsallako shinge da almakashinsa da kwanduna biyu, bai ko yi sallama ba.

"Uwar Lamara, yau ne ko babu!"

Suka faɗa gona su huɗu. Almakashi suka hau ƙara. Ruwan inabin ya rina hannuwansu baƙi har gwiwar hannu. Iska ta taso, Makwala ta ji ƙofar ɗakin giya ta buga da ƙarfi can gida, ta ce a ranta gara ta rufu, kada ƙura ta shiga. Can sai Tengiz ya miƙe yana dafe da baya, ya ce zai kai kwanduna ya dawo.

Ta gama layi ɗaya, ta shiga na biyu. Tana tsakiyarsa hannunta ya tsaya cak a kan wani nono na inabi. Kwandunan da ya ce zai kai ga su nan a bakin layi. Kuma ina za a zuba inabin, randa ba a wanke ba? Randuna biyar na numfashi, ƙofa a rufe, rami ɗaya tak a buɗe.

Ta yar da almakashi. Ba ta san tana da sauran gudu a ƙafafunta ba.

Ta banka ƙofar ta bar ta a wangale. Ɗakin duhu, sai bakin babbar randa da ke fitar da haske fari tas, mai kyau, ba ya ko motsi. Kyandir ɗin na kan taga inda ta ajiye shi, ba a taɓa shi ba. Tsani na cikin randa.

"Tengiz!"

Ta leƙa. Yana zaune a gindi, ya jingina kai da bango kamar mai gyangyaɗi, sandar wanki a cinyarsa. Fitilar goshinsa na kallonta ido cikin ido.

Ƙafarta ɗaya har ta hau tsani. Sai ta tuna ƙanen nan da ya dira. Ta janye ƙafar, kuma a duk rayuwarta ba ta taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Ta fita tsakar gida ta kurma ihu har muryarta ta tsage. Zaur da Lamara suka iso tana ɗaura igiya a ƙugu, wata igiyar a haƙoranta.

"Inna, bari ni in shiga!" Lamara na kuka.

"Ba ki san randa ba. Riƙe nan. Zaur, ka ƙirga ashirin, in ban ja ba ka fizgo ni ko ban gama ba."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ƙirjinta da iskar hadari, ta rufe baki, ta sauka. Ciki da ɗumi. Ta zagaya igiyar da ke haƙoranta ƙarƙashin hammatarsa, yatsunta masu danƙon inabi suna zamewa. Ƙulli na farko ya kwance. Kunnuwanta suka fara ƙara, ƙirjinta na roƙonta ta buɗe baki sau ɗaya kawai, sau ɗaya. Ta ƙulla na biyu, ta ɗaga hannuwansa sama ta haɗa su da igiyar don kafaɗun su wuce. Idanunta sun fara ganin baƙi-baƙi lokacin da Zaur ya fizge ta.

Su uku suka jawo shi. Ya fito kamar ɗan maraƙin da aka haifa, hannuwa a gaba, jiki saɓule. Suka shimfiɗe shi a gindin ɓaure. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Makwala ta danna ƙirjinsa, ta hura masa iska a baki, ta sake dannawa, tana zaginsa da duk zagin da ta tara cikin shekara arba'in da uku. Lamara na alamar gicciye tana kiran Ubangiji.

Ya yi wani gurnani. Ya yi tari, ya juya ya amayar da karin safe a kan takalmin Zaur. Ya daɗe yana kallon ganyen ɓaure kafin ya gane fuskar da ke kansa.

"Na so... in rage miki aiki," ya ce.

"Ka kusa rage mini miji, tsohon banza."

Ƙanƙarar farko ta faɗo a kan kwanon rufi kamar an jefa dutse. Ta biyu ta biyo. Sannan sama ta zazzage gaba ɗaya. Suka ja shi ƙarƙashin rumfa. Daga nan ana hango gona, ana ganin ganye na tsalle yana yagewa, baƙin inabi na fashewa a kan ƙasa. Makwala ba ta waiwaya ba. Tafin hannunta na kan ƙirjinsa, tana jin yana hawa yana sauka.

Da ƙanƙarar ta ɗauke, Zaur ya shiga ɗakin giya, ya kunna kyandir ɗin ya zura a randa don ya gani da idonsa. Bai kai kamu ɗaya ba wutar ta lanƙwashe ta mutu. Can gindi, fitilar da ta suɓuce daga goshin Tengiz na nan tana ci.

Kwando goma sha ɗaya na baƙin inabi suka tsira da shi a wannan shekara, bai kai a buɗe masa babbar randa ba. Tengiz ya rayu, sai dai yakan tsaya a tsakiyar magana yana laluben kalma, waƙar ma ta ɓace masa. Makwala na sauka har yanzu kowace kaka. Kyandir biyu take zurawa, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma yana tsugune a baki da igiya, tun da ba waƙa, sunanta yake ta kira, tana amsawa daga ƙasa.