Sunan da Inna ba ta faɗa

Innarmu ba ta faɗar sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar Indabo ce mai jinin Filani, kunyarta ta fi ta kowace mace a unguwarmu ta Sabon Gari. Idan ta zuba masa abinci, ni za ta kalla ta ce, "Ke, a kai wa wancan." Ko ɗan maƙwabta ne mai irin sunansa, sai ta laƙaba masa wani. Kowa yabon ta yake yi, wai ta san kara. Ni kuwa tun ina yarinya abin haushi yake ba ni, kuma har na yi furfura bai daina ba.

A shekarun da kuɗin mai ya ɓarke Yaya ya dawo daga Turai, inda gwamnati ta tura shi karatu. Babanmu ya rasu yana can. Ni a lokacin sabuwar malamar firamare ce. Garinmu Wudil ya cika da sababbin babura da rediyo, kowa yana cire jinka yana sa kwano, motocin siminti suna ta ratsa gada. Da aka ji ya zama dakta, sai zaurenmu ya cika da masu ciwon gwiwa da masu tari. Da ƙyar ya fahimtar da su cewa ko allura bai iya ba.

A tsakar gida ya yi min bayanin aikinsa. Ya ce a jikin mutum akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin, su ke yin kusan kowane aiki, amma ƙanƙantarsu ta wuce a gan su ko da madubin likita. Shi aikinsa ya gano siffarsu. Sai ya yi ta lallashin furotin ɗin wata da watanni har ya daskare ya zama kamar ƙwayar gishiri, sannan ya haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Abin da ke fitowa a jikin fim ɗin ɗige-ɗige ne baƙaƙe. Daga ɗigon nan yake lissafi har ya ƙera siffar da wayar ƙarfe.

Na ce, "Yaya, ashe bugun ƙasa ka je ka koyo a Turai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna tana bakin madafi tana tsintar shinkafa, ta ba mu baya kamar ba ta ji. Amma na lura tun da ya fara magana hannunta ya tsaya.

Hanya biyu ce a gabansa. Wata jami'a a nan gida ta ba shi aiki da gida da mota, sai dai ba su da injin hasken, sun ce an yi oda. Su kuma Turawan da ya baro suna ta kiran sa, don ya bar wani furotin da ya gano rabin siffarsa. Wata ranar Juma'a muna dawowa daga kasuwa ta bakin kogi, ya ce min, "Idan Inna ta ce in zauna, na zauna. Amma da bakinta nake so, ba da naki ba."

Ban yi wata-wata ba na kai mata. Ta ce, "Ni wace ce da zan tare mutum da abin da Allah ya ba shi?"

"Inna, kalma ɗaya ce fa. Zauna. Ko akuya ana ce mata tsaya."

"Bakinki ya yi tsawo, 'yar nan. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi ina ƙunƙuni. Washegari ta sa aka sayo nama, ta shiga yin dambu da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, kamar za a ciyar da ayari. Idanunta suka yi jajur, ta ce itacen ne ɗanye. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma na tambaya na ji amsa, sai dai ba ni ake so in ji ba.

Ranar tafiya da hantsi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi mata magana kai tsaye.

"Inna, zan koma. Sai dai in kin ce in zauna."

Ta ci gaba da kallon bango. Ina tsaye a gefe ina jin kamar in girgiza ta. Can ta juyo gare ni ta ce, "Ki ce masa Allah ya tsare hanya. Ya riƙe salla."

Bai tashi nan da nan ba. Ya ƙara jira, har direban da zai kai shi Kano ya gaji ya danna hon. Sannan ya ce amin, ya ɗauki jakarsa.

Ya gama gano siffar furotin ɗin nan, ya ƙara da wasu. Ya zama farfesa. Aka ba shi lambar zinare, aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta ƙasar da yake, hoton abin da ya ƙera da waya ya shiga littattafan ɗalibai. Mu a rediyo muke jin yawancin wannan. Da mai labarai ya kama sunansa, Inna za ta miƙe ta fita, ta tsaya daidai bayan labule inda ba abin da zai wuce ta. Mata su zo barka, ta ce, "Ai na mutane ne." Yakan zo bayan 'yan shekaru, da hotunan 'ya'yansa da ba su jin Hausa, ya durƙusa a ƙofar nan, ta amsa wa bango. Na yi kewarsa ƙwarai. Na yi kewar wanda zan tsokana ya yi dariya, kuma duk lambar da aka ba shi sai in ji an ƙara nisanta shi da mu.

Da tsufa ya kama Inna, hankalinta ya fara zuwa yana komawa. Wata rana bayan la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta dubi ƙofa ta kira sunansa. A fili, ba rawar murya, kamar wadda ta saba kiran sa kullum. Ta sake kira, ta ce, "Ka daɗe."

Lokacin wayar hannu ta shigo gari. Na fita tsakar gida na buga masa, na gaya masa Inna ta kira sunansa. 

"Ta yaya ta faɗe shi?" in ji shi. "Maimaita min."

Na faɗi sunan.

"A'a, wannan ke ce. Yadda ita ta faɗa."

Na gwada, na sassauta murya, na ja ƙarshen yadda mutanen Indabo suke ja. Ya ce in ƙara. Na ƙara har kuka ya ci ƙarfina. Ya ce yana zuwa, in gaya mata yana hanya.

Ya iso washegarin ranar da aka kai ta makwancinta. Ya shiga ɗakinta, ya zauna a bakin gadonta, wurin da bai taɓa zama ba tana raye. Mutane suna ta sallama a zaure, masu ta'aziyya da masu son ganin farfesa, bai fita ba. Ya tambaye ni ta ina take fuskanta lokacin da ta kira shi. Na nuna masa. Ya koma ya durƙusa a ƙofar, ya ce in hau gadon in sake gwadawa.