Wadda Ba Ta Amsa Sallama

Ina 'yar shekara bakwai ƙyanda ta tafi da idanuna. Mahaifina bai bar ni zaman ɗaki ba, makarantar makafi ya kai ni, na koyi rubutun da ake karantawa da yatsa, na koyi buga tafireta, daga baya na yi kwaleji. Don haka ranar da na karɓi takardar ɗaukar aiki a wani ofishi a Gumel, cikin gurbin da ake ware wa masu naƙasa, ban ɗauke ta sadaka ba. Haƙƙina ne ya zo hannuna.

Shugaban ofishin mutum ne mai taushin murya. Ya yi mini barka, sannan ya ce, "Malama, ai ba sai kin wahalar da kanki ba. Yi zamanki a gida, ba abin da zai taɓa aikinki. Haka muke yi wa 'yan'uwanki."

Nan take raina ya ɓaci. Ni dama ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, aiki aka ɗauke ni, ba jinya ba. A nuna mini kujerata."

Ya yi ajiyar zuciya, ya sa masinja ya kai ni wani tsohon sito a bayan ginin, can gefen wata darbejiya. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, da tafiretar da ta girme ni. Muna fita ya ƙara da cewa, "Duk ranar da kika ga ba za ki iya ba, gida na nan." Na gane sarai. Kuskure ɗaya yake jira ya mayar da ni gida, ni kuwa na ƙudurta ko me za a yi ba zan bar kujerar nan ba.

Makauniya da ƙafa da sanda take haddace hanya. Daga ƙarshen baranda taku goma sha biyu ne zuwa wani fasasshen bulo, in sandata ta taɓa shi sai in karya hagu, in taɓa wata tsohuwar randa, daga nan sai ƙofa. Kwana biyu na haddace. A rana ta uku na ƙirga takuna, na kai sanda, babu bulo. Na lalluba dama, na lalluba hagu, fili fetal. Na daɗe ina zagaye cikin rana kafin kafaɗata ta bugi darbejiyar. Washegari randar ma ta ɓace.

Na ɗauka wani ne yake mini mugun wasa. Amma wa? Ma'aikatan ba sa zagayowa baya, ko takarda ɗaya ba a taɓa kawo mini in buga ba.

Cikin ɗakin kuma wani abu ne daban. Kullum sai in tarar da shi a share tas, tafireta ba ƙura, kujerata a ja baya daidai yadda zan zauna. Ga wani ƙamshi na man kaɗanya da hayaƙin murhu, ƙamshin mutum, mai ɗumi. In yi sallama, shiru. In sake, shiru. Sai na zauna jikina ya lafa, sannan in fara jin numfashi daga kusurwar dama, ƙasa-ƙasa, kamar na wanda ke zaune a tabarma. Wani lokaci har da ɗan gunji a maƙogwaro, ba magana ba, ba waƙa ba.

Da rana tsaka ne fa, ina jiyo hon ɗin 'yan adaidaita a titi, amma tsikar jikina tashi take yi. Wane ɗan Adam ne za a yi wa sallama sau uku ya ƙi amsawa?

"Wane ne a nan? Don Allah in mutum ne ya yi magana."

Numfashin bai ko sauya ba.

Wata rana tsoro ya koma mini fushi. Na miƙe, na ja a'uziyya da ƙarfi, na ɗaga sandata na shiga kai duka ta ko'ina, ina cewa, "Fita! Fita, ko kai wane ne!" Ban sami kowa ba. Sai na ji tafin ƙafa ba takalmi, fat-fat-fat, ya bi ta gefena, iskarsa ta taɓa mayafina. Na lalubi kujerata na zauna. Washegari ɗakin na nan a share, ƙamshin na nan, sai dai numfashin ya koma can bakin ƙofa, nesa da tsawon sandata.

Sau ɗaya na gwada gaya wa shugaban. Ban ma ƙarasa ba ya ce, "Kin gani ko? Kaɗaici ne ya fara taɓa ki. Ni dama na faɗa miki." Da sauri na yi dariyar dole, na ce ɓeraye ne. Daga ranar na ja bakina. Ko a gida ban faɗa ba, don na san su ma hana ni fita za su yi. Wata bakwai muna zaune haka, ni da abin da ban sani ba. Har na saba. In na zo sai in yi sallamata, in karanta abin da zan karanta, in zauna.

Ran nan masinja ya tsaya daga baranda ya ƙwala mini kira: "Malama, a fito fili! Masu tantance ma'aikata sun zo, ana kiran suna!" Na fita. Aka yi ta kira ana amsawa, aka kira nawa na amsa da ƙarfi. Sai aka kira sunan wata mace sau uku, ba wanda ya amsa. Shugaban ya ce, "Wannan a gida take."

Babban masu tantancewar ya ce, "Takarda ta nuna a siton baya take aiki. Ke Malama, ba can kike ba? Akwai mai zuwa ban da ke?"

Wani abu ya ɗarsu a raina, ba zan ɓoye ba. Amma shugaban na tsaye dab da ni, ina jin ƙamshin turarensa. In na ce akwai wani numfashi da ba ya amsa sallama, gaban baƙi, shi ke nan an samu abin da ake nema, a ce makauniyar ta taɓu. Na ce, "Wallahi ni kaɗai ce." Na ji biro ya ja layi a takarda.

Bayan sati uku, wata Litinin, na shiga na yi sallama. Shirun da ya amsa mini daban ne. Ba ƙamshi. Kujerata na inda na bar ta. Na shafa tafireta, ƙura ta kama yatsuna. Na zauna ina kasa kunne har azahar, ba numfashi. Wallahi ban taɓa jin tsoron ɗakin ba kamar ranar. Kafin sati ya ƙare na yi tuntuɓe da wani dutse a hanya, na fasa gwiwa.

Ina zaune a ƙasa wata mata mai sayar da awara a ƙaramar ƙofar baya ta rugo ta ɗaga ni. Tana karkaɗe mini zane tana cewa, "Sannu, Malama. Ai da baiwar Allah nan na nan, da dutsen nan bai kwana a hanyarki ba."

Na ce, "Wace baiwar Allah?"

"Af! Mai sharar mana, kurmar nan da kuke zama tare. Kai, ba ki sani ba?"

Ta zaunar da ni a bencinta ta ba ni labari. Shekaru kafin ni aka ɗauke ta, a irin gurbina. Ita ma an ce ta zauna a gida, ta ƙi. Da sassafe take shigowa ta ƙofar baya, ta share siton da ba mai shiga, ta shimfiɗa tabarma ta zauna har a tashi. Ita ta kwashe bulon da randar don kada in faɗi. Kullum na shigo sai ta ɗaga mini hannu tana murmushi. Ranar da na kai mata sanda, nan ta fito ta yi kuka, ta ɗauka ƙyamarta nake yi. Ranar tantancewa kuwa tana kan tabarmarta. Da baki aka yi kira, ba wanda ya tuna ya zagayo ya taɓa ta. Haka aka soke sunanta, aka sallame ta daga aiki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ina sallama da baki, ita tana amsawa da hannu, wata bakwai.

A ranar na buga takardar farko da na taɓa bugawa a ofishin. Na rubuta cewa rantsuwata ƙarya ce, matar tana zuwa kullum, ta fi kowa zuwa. Na kai wa shugaban da hannuna, na kuma faɗa masa abin da ke raina, ban rage ba. Ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Yayata ce ta raka ni ƙauyen su kurmar a wajen Gagarawa, inda ta koma gidan ƙaninta. Mun shiga tsakar gida na yi sallama don sabo. Sai ga ƙamshin man kaɗanyar nan, sai ga ɗan gunjin nan. Na yar da sandata a ƙasa don ta gani, na miƙa hannu biyu. Ta daɗe ba ta matso ba. Can na ji tafin hannu mai kaushi ya kama nawa.

Na zo ne in gaya mata bakina ne ya kore ta. Ba ta ji, ba ta karatu, ni kuma ban ga hannunta ba balle in koyi maganarsa. Na faɗa duk da haka, ina kuka. Ta ɗan bubbuga bayan hannuna, ta ja ni zuwa tabarma. Taku biyu muka yi ta tsayar da ni, ta sunkuya. Na ji ta ɗauke wani dutse daga gaban ƙafata ta jefar can gefe.