Furar da Ban Ɗanɗana Ba

Me ya hana ni ɗanɗana furar nan? Alƙalin Kano ya tambaye ni, alƙalan Kaduna sun tambayi lauyana, ni ma ga shi haƙorana sun zube ina tambayar kaina, amsa ba ta zo ba. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma mai rubutun ya sha ajiye alƙalami yana jira in gama kuka.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Kanya Babba. An kai ni ɗakin Malam, maigidana, dab da samun 'yancin kai, Allah ya ba mu 'ya guda, Talatu. Manomi ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga min murya ba. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbu. Namiji ke hawa ya jeho dami, ita ta sussuka. Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, maza suka riƙa tafiya Kano cin rani, aikin gini. Ranar da Malam zai tafi ya jingina min tsani a jikin rumbu ya ce, "Ga amana nan. Ki ɗiba daidai cikinku."

Sai ga Gwaggo Ladi, dillaliyar da ke yawo gida gida da kwanonin langa da samira. Ta dubi ƙoren da nake tara wa Talatu na kayan ɗaki, ta fashe da dariya.

"Da waɗannan za ki kai 'yar taki? Ko 'yar mai tallan kuka yanzu langa ake jera mata. Haba, sai ka ce ba uwa ce ta haife ta ba!"

Na ce, "Gwaggo, da me zan saya?"

Ta nuna rumbu da baki. "Mutanen Nijar na rububin gero a kasuwar Babura. Dami ɗaya, wa zai gane?"

Dami ɗayan nan shi ne farkon halakata. Daga shi sai wani, sai wani. Kwanoni suna taruwa a ƙarƙashin gado, ni kuma ina cusa kara a cikin rumbu, ina jera zangarniya a sama. Da Malam ya dawo da bazara ya hau ya leƙa, ya ga rumbu dam, ya sauko yana murmushi. "Ashe kin fi ni tattali. Ci gaba da ɗiba, na bar miki." Da na faɗi gaskiya a ranar, da faɗa kawai zan sha.

Kafin ruwan shuka ya sauka, zangarniyar saman ta ƙare. Geron da ya rage a gidan shi ne iri, a cikin tulu a ɗakin Malam, wanda ya gauraya da garin maganin ƙwari da malamin gona ya raba. Da bakinsa Malam ya ce min, "Wannan ko kaza kada ta ci." Na je wa Gwaggo Ladi a ruɗe, ta ce, "Ke ma dai! Ai a bayan ƙwayar maganin yake. Surfa shi ki wanke, mutane nawa suka ci suna nan garau."

Talatu tana Roni wajen ƙanwata da ta haihu. Na ɗebi irin, na surfa, na yi ta wankewa har ruwan ya fita fari tas. Dusar ban ba akuya ba, na binne ta a bayan danga. Na daka, na dafa, na kirɓa, na dama. Duk macen da ta dama fura takan kai ludayi baki ta ji tsaminta. Tun ina yarinya haka nake yi. Ranar ban yi ba. Na ɗauka da hantsi na kai wa Malam gona inda yake shara, ya sha a gindin gawo. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibitin Kazaure, Malam ya cika.

Yaya Garba, wan Malam, shi ya hau rumbu ya tarar da kara, shi ya tono dusar. 'Yan sanda suka tafi da ni. Gwaggo Ladi ta rantse ba ta san zancen ba. A babbar kotu a Kano aka jera kwanonin nan a kan tebur gaban alƙali, suna ta ƙyalli. Jeren da suka taɓa samu ke nan a duniya. Yaya Garba ya nuna ni ya ce, "Ta tausaya wa akuya, ba ta tausaya wa ƙanena ba." Tafinta ya faɗa min hukunci: na san guba ce tunda na binne dusa kuma ban sha ba, za a rataye ni.

Na zauna ɗakin masu jiran igiya. Duk takun gandiroba sai in ce nawa ne ya zo. Amma ba igiyar ce ta fi cin raina ba. In iska ta kawo ƙarar daka daga unguwa, sai in ga Malam zaune a gindin gawo, ƙwarya a cinya.

Lauyan da gwamnati ta ba ni ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna. Ya ce mai niyyar kisa ba ta wanke guba, kuma a ƙasarmu in abinci ya yi ƙaranci da bazara, mace kan haƙura ta bar wa mai aikin gona, don haka rashin shana ba shaida ba ce. Alƙalai suka yarda ganganci ne, ba niyya ba. Aka soke rataya, aka mayar da ita ɗaurin shekaru. Lauyan ya zo min yana murna.

"Baiwar Allah, kin tsira! Sun tabbatar ba ki san za ta kashe ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su sun tabbatar. Ni ban tabbatar ba."

Na fito da furfura. Talatu ta yi aure a Gwiwa da ƙoren nan da aka yi wa dariya, ita ta ɗauke ni, kuma ba ta taɓa tambayata komai ba. Yaya Garba ya rasu bai amsa gaisuwata ba. Jikokina ba su san abincin hannuna ba. Ba wanda ya hana ni, ni ce ba na iyawa. Ina tuba dare da rana, Allah mai gafara ne.

'Ya'yana, ku ji maganar tsohuwa. In an ba ku amana kada ku taɓa ko ƙwaya don gudun dariyar mutane, masu dariyar ba sa raka mutum kotu. In kuwa kun taɓa, ku faɗa tun da sauran abin gyarawa. Kunyar yini ɗaya na guje wa, ga inda ta kai ni.

Akwai abin da ban faɗa wa kowace kotu ba. Da Malam ya sha ya kai rabi, ya miƙo min ludayi ya ce, "Sha mana." Na ce, "Na sha a gida." Da cikin ya fara murɗa masa, gumi na zuba, jikinsa na rawa, na rungume kansa ina ihu. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ture ni.

"Ke ma kin sha. Bar ni nan, ruga gida ki sha manja ki amayar da ita. Yi sauri!"