Shugabannin Ɗalibai a Makokin Ɗana

Ranar addu'ar uku ta ɗana, shugabannin ƙungiyar ɗalibai suka zo daga jami'a har gidanmu a Garuwa, domin shi ne wakilin ajinsu. Na sa aka shimfiɗa musu tabarma. Ban san yadda zamansa yake a can ba, ina so in ji daga bakin waɗanda suka zauna da shi.

Sai suka tsaya a ƙofar gida suna gardamar wanda zai yi magana. Shugaban ya ce haƙƙinsa ne, sakataren ya ce shi ya rubuta jawabin. A ƙarshe shugaban ya tsaya a kan dattawan unguwa ya karanta da Faransanci, yadda aka koya musu a taron horar da shugabanni. Da yake jero masu muƙaman ƙungiyar, har mataimakin ma'aji sai da ya ambata.

Da ya gama na ce, "Yaro, zauna. Da wa ɗana yake cin abinci a can?"

Ya dubi sakataren, sakataren ya dubi takarda.

Shugaban ya ce, "Baba, sai mun bincika."

Na ce su yi masa addu'a kawai. Har yau ban san ko shi kaɗai yake ci ba.