Gawon da Malam Ya Shuka

Malam, mijina, ya rasu da farkon damina. A makon da na shiga takaba, gawon da ke ƙofar gidanmu a Gusau ya fara zubar da ganye.

Shi ya shuka shi da hannunsa. Sai da ya je Karakkai wajen makiyaya ya tsinto irin cikin kashin awaki, don ya ce wanda ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira. Ya kewaye shi da ƙaya, ya yi ta ba shi ruwa har ya kafu. Maƙwabta suna dasa furanni, mu muna gadin kashin akuya.

Masu zuwa gaisuwa suka ga rassa babu ganye, suka ce har bishiya ta yi juyayi. Na yi musu godiya. Gawo duk damina haka yake yi, sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye, amma a shekarun baya babu wanda ya ɗaga kai.

Ƙanen Malam ne ya fi kowa tausayina. Ya ce ganin mataccen itace zai riƙa tayar mini da hankali, zai sa a sare, a dasa irin dogayen nan da ake jerawa a gaban otal.

Na ce, "Alhaji, da ransa. Ka bari kaka ta yi."

Ya ce, "Yaya, ke dai ki yi ta addu'a. Wannan aikin maza ne."

Ba na fita, don haka ta bayan ƙyauren zaure na saurara ranar da ya kawo mai gatari, wani dattijo daga Wonaka. Na tsaya ina jiran sara na farko, hannuna a kan sakata. Shiru. Can dattijon ya ce, "Alhaji, wanga icce mi ya yi maka?"

"Ya mutu, Baba."

"Kai dai ka daɗe birni. Kankare shi da farce ka gani."

Ban ga abin da farcen ya nuna ba. Na dai ji dattijon ya saɓi gatarinsa yana dariya. Jim kaɗan Alhaji ya leƙo zaure.

"Yaya, ashe da ransa! Allah ya sa na bincika."

Na ce Allah ya saka masa da alheri.

Bayan na fita takaba, ganye ya dawo. Yanzu in Alhaji ya zo, a inuwarsa yake ajiye mota, yana bai wa baƙi labarin yadda ya hana a sare shi.